A riƙa bin sawun kuɗin tallafi bayan an watse daga taro

Assalamu alaikum Edita,

Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi tsokaci kan yadda ake ba da labarin tallafin raya ƙasa. Duk sa'ad da masu ba da agaji suka yi taro, sai mu ga kanun labari cewa an ware biliyan kaza domin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa, muradun nan 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumbar 2015, aka kuma sa musu wa'adin 2030. Daga ranar kuwa ba a sake jin ɗuriyar kuɗin. Alhali bin sawunsu aiki ne da ɗan jarida zai iya yi da kwamfuta da ɗan haƙuri.

Abu na farko shi ne a bambance adadi uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai alƙawarin da minista ya furta a gaban makirufo, wanda bai ɗaure kowa ba. Akwai yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Sannan akwai kuɗin da aka saki. Tarkon yana cikin na biyun: idan aikin na shekara biyar ne, akan rubuta jimillar kuɗinsa a shekarar da aka sa hannu, don haka mai kwatanta wannan shekarar da ta gaba zai zaci tallafi ya rushe, ko ya yi tashin gwauron zabo, alhali ba abin da ya canja. Kuɗin da aka saki shi ya kamata ya hau kanu.

Alƙaluman suna nan a buɗe. Ƙungiyar OECD ta haɗin kan tattalin arziki da raya ƙasa, da ke Paris, tana da rumbun bayanai mai suna CRS, inda ake rubuta kowane aiki: wa ya bayar, wa ya karɓa, ta hannun wa kuɗin ya bi, da lamba mai alƙalami biyar da ke nuna fanninsa. 11220 ilimin firamare ne, 12220 kiwon lafiya a matakin farko, 14030 ruwan sha da tsafta. Matsalarsa jinkiri, domin jimilla ta wucin gadi kan fito a Afrilu, amma bayanin aiki ɗaya-ɗaya sai an jira kusan shekara guda. Tsarin IATI na wallafa bayanan tallafi a fili, wanda aka ƙaddamar a Accra a 2008, ya fi sauri, sai dai yana buƙatar taka tsantsan. Gwamnati ta ba hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya kuɗi, hukumar ta miƙa wa ƙungiya mai zaman kanta, kowannensu ya wallafa nasa. Wanda ya tara ba tare da ya duba mahaɗin ba ya ƙirga dala ɗaya sau uku.

Sai kuma a tambaya: nawa ne ya ƙetare iyaka? Ƙa'idar OECD ta yarda ƙasa ta lissafa abin da ta kashe wa 'yan gudun hijira a cikin gidanta a watanni 12 na farko a matsayin tallafi. A 2022 wannan ya kai kusan dala biliyan 29 cikin jimillar tallafin shekarar ta kimanin biliyan 204, wato kashi 14 cikin ɗari. Kula da ɗan gudun hijira wajibi ne, ba mu da ja a kai. Amma wannan kuɗin bai gina aji ko ɗaya a ƙasa mai tasowa ba, kuma ya kamata mai karatu ya sani. Haka ma kuɗin gudanarwa da bashin da aka yafe. Rance kuwa, tun 2018 ɓangaren rangwamen da ke cikinsa kawai ake ƙirgawa a babbar jimilla, don haka alƙaluman kafin shekarar da na bayanta ba ma'auninsu ɗaya ba.

Inda abin ya fi damunmu shi ne liƙa wa ayyuka lambar muradi. Mai ba da kuɗin ne ke liƙawa da kansa, ba dole ba ne ya liƙa, kuma aiki ɗaya na iya ɗaukar muradu da yawa. A ce an kashe dala miliyan 10 wajen haƙa rijiyoyin burtsatse a makarantun 'yan mata. Za a iya sa masa muradi na 4 na ilimi, da na 5 na daidaiton jinsi, da na 6 na ruwa. Idan aka tara rahotannin ukun, miliyan 30 za a gani. Kuma ko lambar ta dace, ba ta nuna an matsa kusa da muradin ba. Ma'aunin 6.1.1, wanda ake auna muradin ruwan sha da shi, yana ƙirga ruwan da ke cikin gida ko harabarsa, wanda ake samu lokacin da ake buƙata, kuma ba shi da gurɓata. Famfon da mace za ta je ta dawo cikin minti 30 yana mataki na ƙasa da wannan. Famfon da hannunsa ya karye bayan shekara biyu, babu kayan gyara, babu wanda aka koya wa gyaran, yana nan daram a rahoton mai ba da tallafi a matsayin aikin da aka kammala.

Wannan bincike ya ƙara zama dole yanzu da aljihun ke tsukewa. Tun 1970 aka amince ƙasashe masu arziki su riƙa ba da kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigarsu. A 2023 matsakaicin ya tsaya a 0.37, kuma Norway da Luxembourg da Sweden da Jamus da Denmark ne kaɗai suka cika. Birtaniya ta sauko zuwa 0.5 a 2021, sannan a 2025 ta sanar za ta koma 0.3 nan da 2027. A 2025 ɗin ne kuma Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi, USAID.

Roƙonmu, ranka ya daɗe, shi ne duk alƙawarin da kuka buga ku ajiye kwanan watansa. Bayan wata 12 a sa wakili ya nemo lambar aikin, ya duba nawa aka saki, ta hannun wa, kyauta ne ko rance, sannan ya taka zuwa wurin ya murɗa famfon da hannunsa.

Naku,
Wasu masu karatu da ke aikin bibiyar kuɗaɗen tallafi