Amsa ga ɗana mai jita: dalilin da ya sa na saka waƙar Ace of Cups, matan da ba su fitar da faifai ba a zamaninsu

Assalamu alaikum.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da mutanen gida. Ranar Asabar ka bugo waya cikin shirinmu na tsofaffin kaɗe-kaɗen ƙasashen waje, ka gabatar da kanka a matsayin mai koyon jita, sannan ka yi mini tambaya duniya na ji. Ka ce, "Baba, kai da bakinka ka ce matan nan ba su taɓa fitar da faifai ba a zamaninsu. Da sun iya, ai da wani kamfani ya ɗauke su. Don me za ka cinye mana minti goma da abin da kasuwa ta ƙi?" Kafin in buɗe baki lokacin labarai ya yi, aka yanke mu. Shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara ba ka gaskiyarka: sautin da ka ji ba shi da kyau. Da na saka waƙar, injiniyanmu ya ɗago kai ta bayan gilashi, ya taɓa kunnensa, ya watsa hannu yana tambayata ko na'urarsa ce ta samu matsala. Na girgiza masa kai. Shuu ɗin da ke bin muryoyin, da gangar da kake ji kamar a ɗakin maƙwabta ake kaɗa ta, duk a jikin tef ɗin suke, domin ba don sayarwa aka ɗauke shi ba. Wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lissafinka, wai rashin faifai shaida ce ta rashin iyawa.

Sunan ƙungiyar Ace of Cups. Mata biyar ne da suka haɗu a San Faransisko ta Amurka a 1967, shekarar da dubban samari da 'yan mata suka yi wa unguwar Haight-Ashbury tsinke, wasu na gudun gidajen iyayensu, wasu na gudun yaƙin Biyetnam. Mary Ellen Simpson ce ke riƙe da babbar jita, Mary Gannon da jitar bes, Marla Hunt da ogan da fiyano, Diane Vitalich da ganguna, Denise Kaufman kuma jita da hamonika. Manajansu na farko, Ambrose Hollingworth, shi ya raɗa musu suna daga wani katin duba na Turawa, mai hoton hannu riƙe da ƙoƙo, ruwa na kwarara daga cikinsa ta hanya biyar.

Kiɗan da garin ke yayi a lokacin shi ake kira saikadelik. An ɗauko waƙoƙin gargajiyar karkarar Amurka da na cocin baƙar fata, aka jona musu jitar lantarki, aka ja su suka yi tsawo, ga kuma ƙwayar LSD da ta cika gari. Denise ma ta taɓa bin motar marubuci Ken Kesey da abokan shagalinsa kafin a kafa ƙungiyar. Ban zo wanke kowa a kan ƙwaya ba, ta ci mutane da yawa a unguwar nan. Amma abin da ya bambanta matan biyar da sauran ba hayaƙi ba ne, muryoyi ne. Su ke rubuta waƙoƙinsu, dukkansu kuma suna rerawa, har wani lokaci su ajiye kayan kiɗa su yi da baki kawai, murya biyar a saƙe kamar tabarma.

To ka ce da sun iya. Waye ya fi Jimi Hendrix sanin jita a 1967? A watan Yunin shekarar, mako ɗaya bayan bikin kaɗe-kaɗe na Monterey da ya fito da sunansa a Amurka, ya yi wasan kyauta a filin shaƙatawa na San Faransisko, kuma su ne suka buɗe masa fili. Daga baya ya ambace su a hirarsa da jaridar Melody Maker ta Ingila, ya yabi mai jitarsu musamman. Sun yi wasa a zaurukan Avalon da Fillmore. A watan Afrilun 1969, da ƙungiyar The Band ta fito gaban jama'a karon farko da wannan suna a zauren Winterland, matan nan na cikin waɗanda suka share mata fage. A shekarar kuma ƙungiyar Jefferson Airplane ta gayyace su amshi a faifanta mai suna Volunteers. Ka ga muryarsu ta hau faifai, sai dai faifan wasu ne, sunansu kuma a ƙananan baƙaƙe a bayan kwali.

Me ya hana su nasu? Nan ne labarin yake, kuma ba mugu ɗaya ba ne da za ka nuna da yatsa.

Bayan Hollingworth, Ron Polte ne ya karɓi ragamarsu, shi ne kuma manajan wata ƙungiya mai suna Quicksilver Messenger Service. Yana da dabara ɗaya da ya yi imani da ita: kada ka yi saurin sa hannu, ka bari kamfanoni su yi ta zawarci har farashi ya tashi. Jefferson Airplane ta karɓi dala 25,000 daga kamfanin RCA tun 1965, ƙungiyar Grateful Dead ta shiga kamfanin Warner a 1966, amma Quicksilver ta ƙi motsi sai ƙarshen 1967 da ta shiga Capitol, kuma jiran ya biya ta. Sai Polte ya gwada wa matan irin wannan riga. Tayi ya zo, ya ce bai kai darajarsu ba. A ganina da zuciya ɗaya ya yi, yana ganin an raina su ne. Amma kasuwa ba ta jiran mai tsada idan ba ta matsu da kayansa ba, kuma kamfanonin ba su matsu ba. Sun san yadda ake sayar da mace ɗaya a gaba da maza a bayanta, kamar Grace Slick ko Janis Joplin. Mata biyar da kowacce ke riƙe da kayan kiɗanta, babu tauraruwa ɗaya da za a manna a kwali, wannan ba su san inda za su ajiye shi ba.

Sai kuma abin da na fi so ka tsaya a kai, tunda kai namiji ne, mai yiwuwa ba zai zo maka a rai ba. Kamfani ba ya ba ka kuɗin faifai ka koma gida ka kwanta. Sharaɗin shi ne ka shiga mota wata da watanni, gari-gari, kana tallar abin da ka fitar. Yayin da ake jiran farashi ya tashi, matan suka fara haihuwa. Namijin mawaƙi idan aka yi masa haihuwa, ya sumbaci jariri ya ɗauki jakarsa, akwai wadda za ta zauna. Mawaƙiyar da ke shayarwa fa, wa zai zauna mata? Ga tsautsayi kuma. Ranar 6 ga Disamba 1969, a taron kiɗa na Altamont da ya ƙare da zubar jini, Denise na cikin 'yan kallo da cikin wata shida, wani ya jefo kwalbar giya ta fasa mata ƙoƙon kai. Daga nan ƙungiyar ta fara zubewa, wasu suka fita, maza suka shigo cike gurbi, zuwa 1972 kowa ya kama gabansa.

Kada ka ce na ɓoye maka: a 1970 wata ƙungiyar mata zalla mai suna Fanny ta fitar da faifai a kamfanin Reprise. Ashe ƙofar ba a garƙame take ba, a tsuke take. Wasu sun kutsa, waɗannan sun tsaya ciniki a bakinta har rana ta faɗi.

Abin da na saka muku ya fito ne a 2003, shekara 31 bayan watsewarsu. Wani mai tonon tsofaffin tef, Alec Palao, ya tattara abin da ya rage, na atisaye da na gwaji da na wasan fili da na talabijin, kamfanin Big Beat na Landan ya buga. Ba duka waƙoƙin ne suka nuna ba, wasu ɗanye ne shataf, ka ji an bar su ne da niyyar a dawo a gyara. Wannan tarin ne ya kai ga kunnen George Wallace na kamfanin High Moon, shi kuma ya shigar da huɗu daga cikinsu ɗakin ɗaukar sauti. A 2018 faifansu na farko ya fito, suna cikin shekarunsu na saba'in ko dab da su, da jikoki. Tsofaffin abokai irin su Bob Weir da Taj Mahal da Buffy Sainte-Marie suka zo taya su. A 2020 suka ƙara na biyu.

Faifan 2018 yana da daɗi, sautinsa tas, ina kuma saurarensa. Amma ba shi ne faifan da ya kamata a yi a 1968 ba. Muryar 'yar shekara 21 da ba ta san tsoro ba daban, ta kaka mai tuna baya daban. Na 1968 ɗin babu shi, ba kuma za a yi shi ba, abin da ya fi kusa da shi shi ne tef mai shuu ɗin da ya ɓata maka rai. Shi ya sa na zaɓe shi a kan mai tsabtar.

Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan saka tsohon ɗauka da sabo a jere, na kuma roƙi injiniya ya bar shuu ɗin yadda yake. Ka kasa kunne ga jitar Mary Ellen, ka gwada bin ta da taka, sannan ka bugo ka gaya mini inda yatsunka suka tsaya. Ka bugo da wuri, kafin labarai.

Ka gaida mahaifanka.

Naka,
Baban shirin Asabar