A Bar Yaro Ya Faɗi Abin da Yake Ji a Ƙafarsa

Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin iyaye 'yan'uwana kan wani ciwo da muka kusa shekara biyu muna fama da shi ba mu san sunansa ba, wato ciwon ƙafa marar natsuwa.

'Yata tana shekara 10 abin ya fara. Da ta kwanta da daddare sai harbe-harben ƙafa, ta tashi ta zagaya ɗaki, ta koma, ta sake tashi. Na yi faɗa har na gaji, ni a ganina ƙiriniya ce. A aji kuma sai gyangyaɗi. Likitan da muka fara gani ya ce ciwon girma ne, zai wuce. Ni ya yi ta yi wa tambayoyi, yarinyar ko kallonta bai yi ba.

Likita ta biyu kuwa juya kujera ta yi ta fuskanci yarinyar, ta ce, "Faɗa mini, me kike ji?" Sai ta ce, "Kamar tururuwa ke yawo a cikin ƙafata, sai na motsa suke tsayawa." Likitar ta ce wannan amsar ce ginshiƙin binciken, domin babu hoto ko gwajin jini da ke nuna ciwon kai tsaye, kuma a yara dole bayanin ya fito daga bakin yaron, ba na uwa ba. Ta bi ta da tambayoyi: ya fi tsanani in kina zaune ko kwance? Ya fi zuwa da yamma? Daga nan ta waiwayo ta tambaye ni ko akwai mai irinsa a dangi. Na yi shiru. Ni kaina na sha shi a duk cikin da na yi, ban taɓa ɗaukarsa ciwo ba.

Ashe ba sabon abu ba ne. Likita Thomas Willis na Ingila ya bayyana shi tun 1672, likitan Suwidin Karl-Axel Ekbom ya raɗa masa sunan ciwon ƙafa marar natsuwa a 1945. Wani bincike na 2007 a Amurka da Birtaniya ya same shi a kusan 2 cikin 100 na yara masu shekara 8 zuwa 17.

An yi mata gwajin feritin, wato ma'aunin sinadarin ƙarfe da jiki ya adana. Nata ya gaza 50, adadin da ake so ya kai, alhali ba ta da ƙarancin jini, abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Aka ɗora ta kan maganin ƙarin ƙarfe na wata uku, aka sake aunawa. Don Allah kada wata ta ji haka ta saya wa ɗanta da kanta, yawansa guba ne ga yara. An kuma hana mu wasu magungunan mura masu sa barci, domin suna tayar da ciwon.

Yanzu yawancin darare tana barci har asuba. Nawa gwajin feritin ɗin sati mai zuwa ne.

Daga wata uwa