Ɗalibanmu na Fizik, ku Zana Kafin ku Lissafa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da ƴan bak C, D da E na Maradi masu shirin jarrabawar shiga makarantun injiniya irin su EMIG ta Yamai. Dokokin motsi uku na Newton kowa ya haddace su kamar karatun allo, amma a takarda sai maki ya zube. Dalili guda ne: yaro yana rubuta F = ma (jimillar ƙarfi daidai take da kilon abu sau ƙaruwar gudunsa) tun bai zana ƙarfin da ke kan abin ba.

Ga guga cike da ruwa, kilo 10, ana jawo shi daga rijiya, gudunsa na ƙaruwa da 0,5 m/s². Da yawa sai su ce ƙarfin igiya 10 × 0,5, wato newton 5 (newton shi ne ma'aunin ƙarfi). Igiyar da ke ja da newton 5 ai guga ƙasa zai yi! Zana gugan shi kaɗai, kibiya ɗaya sama ta igiya, ɗaya ƙasa ta jan ƙasa, wanda yake newton 9,8 kan kowane kilo, 10 × 9,8 = 98. Zaɓi sama a matsayin ƙari, ka kira ƙarfin igiya T, ka rubuta T − 98 = 5, amsa newton 103. In gudun bai sauya ba, 98 daidai. Harshenmu ma yana da laifi a nan: kilo nauyi, newton nauyi, kalma ɗaya muke kiransu, alhali a lissafi hanyar jirgi daban ta mota daban.

Sai buhun gero mai kilo 100 da ake turawa bisa katako zuwa bayan mota, katakon ya jingina da digiri 30. Jan ƙasa newton 980 ne, ya rabu biyu: 490 (980 × sin 30) yana mai da buhu baya, kusan 849 (980 × cos 30) yana danne shi a katako. In ma'aunin gogayya tsakanin buhu da katako 0,3 ne, a ninka shi da 849, ba da 980 ba, ya ba da kusan 255. Mai turawa da gudu ɗaya yana buƙatar 490 + 255, wato newton 745. Wanda ya rikice tsakanin sin da cos, ya kwantar da katakon a ransa: a digiri sifili buhu ba ya gangarowa, saboda haka sin ne na gangara. A duba na'urar lissafi kuma. In tana auna kusurwa da radiyan maimakon digiri, sin 30 zai fito −0,988.

Doka ta uku kuwa, jaki na jan amalanke, amalanke na jan jaki da ƙarfi daidai da nasa, amma ƙarfin biyu ba a jiki ɗaya suke ba, kada a haɗa su a zane guda. 

Shawararmu, tambaya biyar kullum, minti goma kowace, littafi a rufe. Wadda aka kasa a sake ta bayan kwana uku, a farar takarda.

Wasu malaman fizik,
Maradi