Ni Na Sayar Da Ragon, Amma Maraya Aka Kama Da Laifi

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da duk masu sauraron wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, a ce wata baiwar Allah ce daga Unguwar Rogo a nan Jos. Yau kwana huɗu ke nan rabona da barcin kirki.

Shekarata 19 da aure. Maigidana gwanjo yake sayarwa a kasuwar Katako. Da can mahaifinsu yana da shago a babbar kasuwar Taminus, to tun da ta ƙone a 2002 gidan bai sake komawa daidai ba, ni kuma a haka na shigo na same su, ban taɓa yi masa gori ba. 'Ya'yana huɗu, maza uku da mace ɗaya, sai ɗan marigayi yayan maigidana, wanda nake riƙo tun yana shekara shida, yanzu 17. Banda autana duk sun kai shekarun cin nan da ba ya jin bari. Wallahi Anti mudu uku na garin masara nake tuƙawa da dare, da nufin a samu ɗumame, amma kafin asuba an kankare tukunya har ƙanzo. Su dawo daga makaranta su ci garau-garau, su dawo daga ƙwallo su ce me aka ajiye. Balle lokacin sanyin nan namu na Jos, kamar ana zuba abincin a rijiya.

To duk wannan ban damu ba, ciki ne, Allah ya halicce shi. Abin da ke ci mini rai dabbobin maigidan ne. Raguna uku yake turkewa don Babbar Sallah, ga awaki, ga tattabaru a saman ɗaki da ba ya yarda a yanka ko ɗaya, ga kare wai na gadi. Mutumin da zai ajiye mini kuɗin cefane yana ƙirgawa sau biyu, shi ne zai shigo da yamma da damin harawa da buhun dusa da ƙowa, ya durƙusa yana dama musu da kanwa yana shafa wuyansu. Ya bi ta wajen mahauta ya karɓo wa kare ƙashi, mu kuwa miyar kuka da daddawa tsura. Tattabaru dawa yake watsa musu, dawar da zan yi kunu da ita. 'Yata ma ta ɗauko wata mage, na kama ta sau biyu tana gutsura mata busasshen kifin miya.

Zai ce miki kajina ne suka cinye gidan. E, ina da kaji masu ƙwai guda 60 da na saya da kuɗin adashena, kuma gaskiya buhun abincinsu mai kilo 25 ba ya cika kwana huɗu, in sanyi ya yi ma sun fi ci. Amma ai ƙwai suke yi. Da kiret ɗin da nake sayarwa nake sayen sabulu da gawayi. Ragonsa me yake ba mu kafin Sallah? Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, shi kuma abin da yake bayarwa yana nan inda yake. In na yi magana ya ce ba ni da tattali. Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce su a zamaninsu yara goma suka ciyar ba a ji bakinsu ba.

Ranar da abin ya faru ya tafi ta'aziyya Bauci zai kwana biyu. Bai bar komai ba sai abin da ba zai kai mu dare ba. Masara ta ƙare, abincin kaji ya ƙare, an ce a kawo cikon kuɗin WAEC. Sai na aika aka kira mini wani dillali da ke kai dabbobi 'Yan Shanu, ya ja ƙaramin ragon, ba babban ba, ƙaramin. Na sayi rabin buhun masara wajen maƙwabciyata da ake kawo mata daga Mangu, da wake da manja, da abincin kaji buhu biyu. Ko ɗankwali ban saya wa kaina ba, Allah ne shaidata.

Da ya dawo niyyata in faɗa masa. Amma da na ga yadda ya tsaya a bakin turke idonsa ya yi ja, sai bakina ya ce an bar ƙofa a buɗe ne. Ya ce in ɓarawon waje ne me ya hana kare haushi? Ashe na gida ne. Kuma yaron nan da nake riƙo shi ke ba su abinci, shi ke share garken. A gaban Hajiya da ƙannensa ya kira shi ɓarawo, ya zane shi da igiyar ragon. Ina kicin ina ji. Na so in fito, ƙafata ta ƙi.

Na manta ban faɗa miki ba, yaron ya sani. Na tura su Islamiyya duka a ranar, shi ya dawo ɗaukar littafi ya yi kiciɓis da dillalin a zaure. Bai ce komai ba, har yau bai ce ba. Sai dai ya daina ci. Yaron da ke cinye malmala huɗu, jiya na zuba masa gwate har da ƙwai biyu a ɓoye, ya ce “Umma na ƙoshi”, ya tura wa ƙaninsa kwanon. Bai ko kalle ni ba.

Ni ban taɓa bambanta shi da nawa ba, kowa a unguwa zai shaida. Cikon kuɗin jarrabawar ma ai har da nasa. Kuma da uban nasu yana sauke nauyinsa da me zai kai ni ga taɓa masa rago? Na ji malamai na cewa mace na iya ɗiba daga dukiyar mijinta gwargwadon buƙata in ya ƙuntata, to shin rago ma ya shiga ciki?

Anti ki ba ni shawara yadda zan sa ya rage dabbobin nan, ko tattabarun da karen ne, don gidan ba zai ɗauke mu duka ba. Sannan yanzu ya ce ranar Asabar zai sa yaron a mota ya mayar da shi ƙauye wajen dangin uwarsa, ga jarrabawa ta matso. In na faɗi gaskiya na san halinsa, saura igiya ɗaya tsakaninmu, kuma Hajiya ta daɗe tana jiran irin wannan ranar. Na yi tunanin in sayar da rabin kajin in sayo wani ragon in ce an tsinto shi, amma ya san nasa, yana da baƙi a kunnen hagu. Ko in samu kawun maigidan in faɗa masa shi ya yi masa magana? Don Allah a karanta wasiƙata kafin Asabar.

Taku, Maman yara, Unguwar Rogo, Jos.