Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayayya (FCCPC) Kan Juya Mitar Motocin Tokumbo

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wani ha'inci da ya zama ruwan dare a kasuwar motocin hannu, har wasu sun fara ɗaukarsa tamkar wani ɓangare na ciniki, wato juya mitar tafiya. Mota za ta taso daga Amurka bayan ta ci mil 200,000, amma kafin ta tsaya a filin sayarwa a Legas ko Kaduna ko Kano, an jona mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, mitar ta koma 80,000, farashi kuma ya haura.

Mai saye ba ya farga sai bayan kuɗi sun shiga hannu, ranar da bakanikensa ya nuna masa robar birki da ta totur sun suɗe, sitiyari ya yi sulɓi, kujerar direba ta lotsa, ko kuma ya ci karo da 'yar takardar juyen baƙin mai manne a jikin ƙofa, ɗauke da adadin da ya ninka wanda mitar ke nunawa. Idan ya koma, mai mota zai ce haka ta zo masa, dillalin da ya riga ya ci la'adarsa kuwa zai ce kaya in ya fita ba ya dawowa. Asarar ba ta tsaya a kuɗi ba, domin wanda aka ruɗa da ƙaramin adadi zai jinkirta canza kayan inji da na ƙafa waɗanda lokacinsu ya wuce, sannan ya ɗauki iyalinsa ya hau babban titi.

Gaskiya ne ba kowane saɓani ne zamba ba. Motocin Amurka da mil suke ƙidaya, mil 1 kuwa kilomita 1.6 ne, wani lokaci kuma mitar ce ta lalace aka sauya ta. Takarda ce kaɗai ke raba wannan gardama, kuma takardar tana nan. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda da ita ake binciko tarihinta a Carfax, shafin intanet mai adana tarihin motoci, har ma da hotunan ranar da aka yi gwanjonta a kamfanin gwanjon motoci na Copart ko IAA. Amurka ta haramta taɓa mita tun 1972, duk da haka hukumarta ta kiyaye haɗurran titi, wato NHTSA, ta ƙiyasta cewa ana sayar da motoci sama da 450,000 a shekara da mitar ƙarya. Beljiyam kuwa tun 2006 ta wajabta wa mai sayar da motar hannu miƙa wa mai saye takardar Car-Pass mai ɗauke da tarihin kilomitar motar.

Tunda Hukumar Kwastan ta fara amfani da lambar shasi wajen ƙayyade kuɗin fito a 2022, ina roƙon hukumarka ta haɗa hannu da ita a riƙa rubuta adadin mita tun a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, yadda kowa zai iya dubawa da wayarsa. Haka kuma a tilasta wa masu sayar da motoci rubuta lambar shasi da adadin mita a kan rasit, tare da sa hannunsu, domin yau mafi yawan rasit ba ya ɗauke da komai sai kuɗi da launin mota. Dokar 2018 da ta kafa hukumarka ta riga ta haramta siffanta kaya da ƙarya, abin da ya rage shi ne a bayyana wa jama'a cikin Hausa, ta gidajen rediyo, inda wanda aka cuta zai kai ƙara, da hujjojin da zai riƙe, da kuma ko haƙƙinsa mayar da mota ne ko karɓar rarar kuɗinsa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani mai hulɗa da kasuwar motoci, Kano