Zuwa ga aminina da ya koma tuƙin Hiyas

Daga Maraɗi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiya, damina ta zauna, Gulbi ya kawo ruwa.

Saƙonka ya iso ni cewa maigidanka ya damƙa maka Hiyas, ka bar ƙaramar motar nan mai canja giya da kanta. Allah ya sanya albarka. Tunda ka nemi shawara, babbar maganata ita ce kada ka ɗora wa birki shi kaɗai aikin tsayar da mota. Hiyas in ta cika da fasinja, ga buhuna ɗaure a bisa, nauyin nan duk turo ka yake yi daga baya. Inji ma yana riƙe mota, muddin tana cikin giya kuma ƙafarka ba ta kan kuloci.

Za ka ga wasu yara a tasha suna alfahari da sakin mota ba giya a gangara, wai tanadin mai suke. Man da suke ragewa bai kai kuɗin shayi ba, amma birki ne ke biya. In ka daɗe kana taka shi sai ya ɗau zafi, ka fara jin ƙauri, daga nan ka taka ka ji ya yi laushi, mota kuwa na ta tafiyarta. Giyar da za ta hau da kai tudu, da ita za ka sauko, kuma tun daga sama ake sa ta, kafin mota ta ɗauki gudu.

A ce kana tafe a ta biyar, ka hango Tibiri ko Gidan Rumji. Ɗaga ƙafa daga totur tun da nisa, ka taɓa birki a hankali. In gudu ya ragu ka dawo ta huɗu ko ta uku, kana sakin kuloci sannu don kada ta fizgi mutane. Tudun nan na rage gudu da ke bakin gari a ta biyu ake haye shi. Kuloci kuwa sai can ƙarshe, lokacin da ka ji inji na shirin karkarwa. Mai fara taka kuloci kafin birki ya raba taya da inji ke nan tun bai rage komai ba. Ka kuma riƙe wannan lissafi: daga gudun kilomita 40 zuwa 80, tazarar da birki ke buƙata ninki huɗu take yi. Jaki da amalanke ba su san da haka ba.

Da ka gama canja giya, sauke ƙafar hagu ƙasa. Jingina ta a kan kuloci na cinye farantin kulocin a ɓoye, sai ranar da ka ba ta wuta inji ya yi ta ihu mota ba ta gaba. Tsayuwa a kan tudu ma birkin hannu ne nata.

Wani abin da zai ba ka mamaki, in ba lodi bayanta ba nauyi, taka birki da ƙarfi a jiƙaƙƙiyar kwalta na iya sa ta juya maka gindi. A rairayi kuma, irin na lungunanmu, shiga da ta biyu, kada ka canja sai ka fita. Man birki a sake shi duk shekara biyu, don yana shan danshi.

In ka samu lodin Damagaram ka biyo ta gida, ai hanya ce. Ka gaishe mini da uwargida da yara.

Naka,
amininka na Maraɗi