Garka a tsakar gida, ba sai an je lambunan Jiratawa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matan Maraɗi. Shekara biyu kenan na daina sayen salati da tumatir a kasuwa lokacin sanyi, wallahi a tsakar gidana nike shukawa.

Bulo na jera layi biyu a gindin katanga, tsayi kamar zuwa ƙwauri, na cika da ƙasa haɗe da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, ɗanye dai ƙone shuka yake, na gani da idona shekarar farko, salatin duka ya yi ja ya mutu. Ƙasarmu rairayi ce ba ta riƙe ruwa, amma cikin fangalin nan in ka shimfiɗa ciyawa sama ruwa bido (jarka) ɗaya da marece ya isa. Maganin ƙwari kuma bani saye, ganyen bedi, wato dogon yaro, nike dakawa in jiƙa ya kwana in tace in yayyafa.

Shu, wato kabeji, ne kawai ya gagare ni, tsutsa ba ta barin shi. Kuma a kewaye da ƙaya, akuyar maƙwabta ta taɓa cinye min zogale tas rana ɗaya.

Mai karatunku,
daga unguwar Zariya, Maraɗi